Me ke karya ɗan damben boksin yana tsakiyar tashe? Tambayoyi da amsoshi ga matasa da iyaye a Saudiyya

Tun daga karawar Anthony Joshua da Andy Ruiz a Dir'iyya a watan Disamba 2019, manyan wasannin boksin suka koma zuwa ƙasar nan. Yaranmu na Makka da Jidda da Madina sun gani a talabijin, wasu sun gani da ido, kuma da yawa sun fara zuwa nadi suna saka safar dambe. Iyaye da yayye suna ta tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Waɗanda suka fi maimaituwa ne aka tara a nan.

Da gaske ne mafi yawan waɗanda ake yi wa kirari tun suna matasa ba sa kaiwa ko'ina?

Da gaske ne, kuma wani ɓangare na laifin na kirarin ne. A boksin na kuɗi babu jadawalin da zai tilasta maka karawa da kowa kamar a ƙwallon ƙafa. Mai shirya wasa ne ke zaɓo wa yaronsa abokin karawa, kuma a wasanni goma ko sha biyar na farko waɗanda ya tabbata za a doke yake ɗaukowa. Saboda haka idan ka ga an rubuta nasara 15 babu faɗuwa, abin da ka sani kawai shi ne an iya zaɓe. Ba ka san ko yaron zai iya shanye naushi ba.

Audley Harrison ya ci zinare wa Birtaniya a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, aka ɗauka kambun duniya na jiransa. Da ya samu damar a 2010 gaban David Haye, a turmi na uku aka tsayar da wasan. David Price ya ci tagulla a Olamfik ta 2008, ya yi nasara 15 a jere, sai Tony Thompson, mai shekara 41, ya gama da shi sau biyu a cikin 2013, a Libaful, garin su Price.

To, mene ne babban dalilin rushewar?

A ganina abu biyu ne, kuma a haɗe suke: gaggawa, da rashin wanda zai iya ce wa yaron a'a. Daren da aka ga ya faɗi a gaban jama'a, a ranar ne dai abin ya fito fili, amma an yi watanni ko shekaru da yanke hukuncin, lokacin da aka karɓi wasan da bai kai ba, ko aka kori mai horarwar da ke matsa masa, ko aka bar shi yana kwana a majalisa. Duk wanda ke kewaye da ɗan dambe mai tashe kasonsa yake ci daga jikinsa, kuma mai cin kaso ba ya son ɓata wa mai gida rai. Sauran amsoshin da ke ƙasa, na nauyi da kuɗi da kwantiragi da ƙwaya, idan ka bi su za ka tarar da ɗayan waɗannan biyun a gindinsu.

Shan kaye sau ɗaya yana gama mutum?

A'a. Bernard Hopkins ya sha kaye a wasansa na farko a 1988, ya zo ya riƙe kambun duniya har yana da shekara 49. Misalin da muka gani a nan gida shi ne Daniel Dubois. A 2020 Joe Joyce ya karya masa ƙashin kwarmin ido, ya durƙusa a turmi na 10, 'yan damben ƙasarsu da dama suka ce ba shi da zuciya. Zakaran duniya Oleksandr Usyk shi ma ya tsayar da shi a 2023. A Riyad ya farfaɗo: ya tsayar da Jarrell Miller a Disamba 2023, ya tsayar da Filip Hrgovic a Yuni 2024, sannan ya kwantar da Joshua a filin Wembley na Landan a turmi na biyar a watan Satumba na shekarar.

Abin dubawa shi ne irin kayen. Wanda aka fi shi maki, ko aka yi masa ƙwab ɗaya da wuri, yakan huta ya dawo. Wanda aka yi turmi 11 ko 12 ana nausa a kai saboda taurin zuciyarsa ya hana shi faɗuwa, shi ne yakan bar wani abu a filin da ba ya dawowa. Amsar da ke biye ta kawo misalansu.

Idan yaro yana cin wasa, me zai hana a kai shi ga manya da wuri?

Domin basira daban, ƙwarewa daban. Fernando Vargas ya ci kambun duniya yana ɗan shekara 21. A Disamba 2000 aka haɗa shi da Felix Trinidad, wanda a lokacin babu mai naushinsa a ajin. Sau biyar ya kai Vargas ƙasa kafin a tsayar a turmi na 12. Vargas ya ci gaba da dambe, amma mafi yawan manyan wasannin da ya shiga bayan nan kaye ya sha, ya ajiye safa a 2007 bai cika 30 ba. Kafin shi, a watan Maris na wannan shekarar ta 2000, Trinidad ɗin ya kai David Reid ƙasa sau huɗu. Reid zakaran Olamfik ne na 1996, kuma wannan shi ne wasansa na 15 kacal. A 2001 ya daina.

Kuɗin da Riyadh Season, bikin nishaɗin Saudiyya mai ɗaukar nauyin manyan wasanni, ke zubawa sun sauya lissafi. A da, masu shirya wasa kan ɓoye yaransu shekara da shekaru. Yanzu tayin yakan yi girman da ba a iya ƙi. Masu kallo sun ci riba, don mun ga wasannin da da ba za a taɓa haɗawa ba. Amma Jared Anderson, wanda ake cewa shi ne magajin masu nauyi na Amurka, yana da shekara 24 da nasara 17 aka haɗa shi da Martin Bakole ɗan Kwango a wasan da Riyadh Season ta shirya a Los Anjalas a Agusta 2024. Sau uku ya faɗi, aka tsayar a turmi na biyar. Bayan wata shida Bakole shi ma ya karɓi wasa da Joseph Parker saura kwana biyu, ya sauka Riyad da nauyin da ya haura kilo 140, aka gama da shi a turmi na biyu.

Tambayar da ya kamata uba ko yaya ya yi wa mai horarwa ita ce: wannan abokin karawar, me yaron zai koya a wurinsa? Idan amsar kuɗi ce kawai, a jinkirta.

Me ya sa wasu suke lalacewa bayan sun yi nasara, ba bayan sun faɗi ba?

Wannan ma a ƙasar nan aka nuna mana shi. Andy Ruiz ya girgiza duniya ranar 1 ga Yuni 2019 da ya tsayar da Joshua a turmi na bakwai a New York, yana da nauyin kilo 121 da ɗoriya. Bayan wata shida ya hau sikeli a Saudiyya da kilo 128, Joshua kuwa ya rage nasa. Joshua ya yi ta zagaya shi har turmi 12 ya karɓe kambunansa. Ruiz da bakinsa ya ce wata uku ya yi yana shagali, bai saurari mai horar da shi ba. Haka Buster Douglas: ya kayar da Mike Tyson a Fabrairu 1990, ya zo gaban Evander Holyfield a Oktoba da ƙarin kusan kilo bakwai, turmi na uku aka ƙirga masa goma.

Yaronmu na Jidda ba zai samu miliyoyin Ruiz ba, amma jarabar tana da ƙaramin samfuri. Ya ci gasar yanki, an yaɗa bidiyonsa a Snapchat da TikTok, abokai sun ƙaru. Rayuwarmu a nan kuma ta dare ce: hira a istiraha (gidan shaƙatawa) har asuba, mandi da burost ƙarfe biyu na dare, barci har azahar. Gudun safe, wanda a zafin Makka dole a yi shi bayan sallar asuba ko a rasa, shi ne yake fara tafiya. Idan ya tafi, numfashi yana biye da shi, kuma ba a gane hakan sai a turmi na huɗu ko na biyar.

Rage nauyi kafin awo yana da haɗari?

Ƙwarai. Ana awo kwana ɗaya kafin wasa, don haka 'yan dambe da yawa suke zaɓar ajin da ke ƙasa da jikinsu, su matse ruwan jiki da sauna da rigar leda da ƙin shan ruwa, su hau sikeli, sannan su cika ciki. Jiki ba ya gama maido da ruwansa a cikin awa 24 ko 30. Ƙafa takan yi nauyi, naushin da a da za a shanye sai ya kayar, ƙoda kuma tana wahala. Ga matashi abin ya fi muni, domin ɗan shekara 19 jikinsa bai gama buɗewa ba. Ajin da ya dace da shi bara ba lallai ya dace da shi bana ba, amma manaja ba ya son ya hau sama don a ƙasa ne sunansa yake a jerin gwanaye. Idan yaro yana zubar da kilo biyar ko shida a makon awo, ajin ba nasa ba ne.

Yaya za a yi da azumin Ramadan?

A tsara shekara da shi tun farko. Sansanin shirin babban wasa yakan ɗauki mako takwas zuwa goma, kuma bai kamata ya faɗo cikin azumi ba. Amir Khan ya fito fili ya ce ba zai iya wasa a Satumba 2014 ba saboda azumin shekarar ya ƙare a ƙarshen Yuli, alhali a lokacin yana farautar karawa da Floyd Mayweather. A watan azumi a yi atisaye mara nauyi bayan tarawihi, a bar gwajin naushi mai tsanani, kuma kada a haɗa azumi da matse ruwan da aka yi bayani a sama. Wanda aka yi wa tayin wasa mako biyu bayan sallah, wannan na cikin wuraren da ake buƙatar mai cewa a'a.

Sauya mai horarwa laifi ne?

Ba kullum ba. Wani lokaci yaro yakan wuce abin da malaminsa na farko ya sani. Abin tambaya shi ne dalilin sauyin: an tafi neman wanda ya fi sani ne, ko wanda ya fi sauƙi?

Mike Tyson ya zama zakaran masu nauyi yana da shekara 20 a Nuwamba 1986, mafi ƙarancin shekaru a tarihi. Cus D'Amato da ya raine shi ya rasu a 1985, manajansa Jim Jacobs ya rasu a 1988, kuma a wannan shekarar, bayan ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, ya sallami Kevin Rooney, mutum na ƙarshe da ke iya daka masa tsawa. Ranar da Douglas ya kumbura masa ido a Tokiyo, mutanen kusurwarsa ba su zo da ƙarfen danne kumburi ba, sai safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara. Naseem Hamed, ɗan asalin Yaman da aka haifa a Ingila, tun yana ɗan shekara bakwai yake hannun Brendan Ingle. Sun rabu a ƙarshen 1998. A 2001 Marco Antonio Barrera ya koya masa darasi, ya ƙara wasa ɗaya, ya bari yana da shekara 28.

Ina kuɗin suke tafiya? Muna jin miliyoyi, sai kuma mu ji an tsiyace.

Adadin da ake sanarwa ba shi ke shiga aljihu ba. Manaja kan ɗauki har kashi ɗaya cikin uku. Mai horarwa bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari. Akwai mai tsayar da jini, da abokan gwaji da ake biya duk mako, da masauki da abinci na sansani, da kusan kashi 3 cikin ɗari na hukumar da ke da kambun idan wasan kambu ne, da haraji idan a Amurka ko Birtaniya aka yi. A ɗauka an ce riyal 100,000. Kafin a gama rabo, abin da zai rage zai iya gaza rabi, kuma wataƙila wasa biyu ne a shekarar.

Sannan ga namu nauyin. Ranar da aka ji yaro ya fito a talabijin, daga Shara Mansur ta Makka har Kano kowa ya san ya samu. Taimakon dangi wajibi ne, amma sana'ar da rauni ɗaya ke rufewa ba a ɗora mata hidimar gida goma. Tyson ya samu abin da aka ƙiyasta da dala miliyan 300, ya bayyana karayar arziki a 2003. Illar ba ta tsaya a aljihu ba: wanda bashi ya kama shi ne ke karɓar wasan da bai shirya ba, ya hau da rauni a hannu, ya koma abin da matasa ke taka wa su hau.

Me za a duba a kwantiragi kafin a sa hannu?

Tsawon shekaru, adadin wasannin da aka lamunce a shekara, mafi ƙarancin kuɗin kowane wasa, da sharaɗin da ke tsawaita kwantiragin da kansa idan an ci kambu ko an ji rauni. Sai babban abu: kada manaja da mai shirya wasa su zama mutum ɗaya ko 'yan gida ɗaya. Aikin manaja ya nemo maka kuɗi da yawa, ribar mai shirya wasa ya biya ka kaɗan. Dokar Muhammad Ali da Amurka ta kafa a 2000 ta raba su saboda haka, amma dokar Amurka ce, ba ta bin ka zuwa wata ƙasa. Rikicin kwantiragi yana cin shekarun da ba a maidowa: Mikey Garcia bai yi wasa ba daga Janairu 2014 zuwa Yuli 2016 yana shari'a da masu shirya masa wasa, yana tsakiyar ƙarfinsa. A kai takardar wurin lauyan da kai ka biya, kuma idan da Turanci take, a fassara maka ita zuwa Larabci ko Hausa layi-layi.

Ƙwayoyin ƙara kuzari fa? Wasu na cewa kowa na sha.

Jarrell Miller ne aka shirya zai kara da Joshua a Yuni 2019. Gwaji ya nuna haramtattun sinadarai uku a jikinsa, ya rasa wasan, Ruiz ya maye gurbinsa. A 2020 aka sake kama shi, aka dakatar da shi shekara biyu. Ryan Garcia ya doke Devin Haney a Afrilu 2024, aka samu haramtaccen sinadarin ostarine a jikinsa, aka soke nasarar, aka dakatar da shi shekara ɗaya.

Ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Wannan ya haɗa da garin gina jiki da ake sayarwa a bayan kanta a wasu wuraren motsa jiki, da allurar da aboki ya ce ta taimake shi, da haɗin maganin ƙarfi da aka aiko daga gida babu wanda ya san me aka zuba a ciki. Kayan maye irin su kabtagon da shabu kuwa, a ƙasar nan ba maganar dakatarwa ake yi ba. Ɗauri ne, kuma ga baƙo, kora ce ke biye.

Ni uwa ce. Tsorona kansa. Yaya zan gane an fara yi masa illa?

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Maxim Dadashev da Patrick Day duka sun rasu a 2019 sakamakon raunin ƙwaƙwalwa a wasa, ɗaya yana da shekara 28, ɗaya 27. Amma mafi yawan illar a hankali take taruwa, kuma da yawanta a nadi ake samunta, wurin gwajin naushi, inda babu likita babu alƙali. Ki lura da ciwon kai da ba ya tafiya, amai ko jiri bayan atisaye, mantuwa, nauyin harshe, saurin fushi da ba halinsa ba, ko ganin walƙiya da baƙin ɗigo a ido. Na idon alamar tsagewar tantanin ido ce, kuma ba ta jiran gobe. Duk wanda aka sumar, hukumomi kan hana shi wasa kwana 30 zuwa 60 ko fiye, kuma hutun ya haɗa da gwaji a nadi. Idan mai horarwa ya maido shi cikin mako guda, ki ɗauke ɗanki daga wurin.

Iyaye da yawa kan haɗa wannan da tambayar hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa boksin yadda ake yin sa a fagen gasa haramun ne, saboda dukan fuska da cutarwa. Wasu gidajen kan bar yaro ya yi atisaye da buhu da igiya don lafiya, su hana shi shiga gasa. Wannan magana ce da ya kamata a gama ta a gida da malami tun farko, kada sai yaro ya zuba shekara biyar a ciki.

Akwai waɗanda ba a fili aka karya su ba?

Akwai, kuma wanda ya fi ciwo ɗan Najeriya ne. Ike Ibeabuchi ya yi wasa 20 bai faɗi ba. Ya doke David Tua a 1997, ya kwantar da Chris Byrd a Maris 1999, kuma Byrd ɗin daga baya ya zama zakaran duniya. A Yuli 1999 aka kama Ibeabuchi a Las Vegas bisa cin zarafin wata mata, ya shafe shekaru a kurkuku. Rahotanni sun nuna alamun rashin lafiyar ƙwaƙwalwa sun bayyana tun kafin nan, amma ana ta shirya masa wasa. Salvador Sanchez na Meziko ya rasu a hatsarin mota a 1982 yana da shekara 23 da kambu a hannunsa. Errol Spence ya kife da motarsa a Oktoba 2019 cikin maye, ya tsira da rai. Wanda ya san yadda samarinmu ke wasa da mota a titunan bayan gari da daddare ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ɗana a nan aka haife shi amma igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, yake riƙe da ita. Hakan zai tare masa hanya?

Zai iya, kuma wannan ne ke tsayar da namu da yawa kafin ma a kai ga sauran matsalolin. Gasar Olamfik da gasannin ƙasa da ƙasa na boksin da ba na kuɗi ba da fasfo ake shiga. Wanda ke da fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan, ƙasar fasfonsa kaɗai zai iya wakilta, wato sai ya je can ya shiga gasar zaɓe, ya nemi hukumar damben ƙasar ta san da shi. Ziyad Almaayouf, da ya fara wasan kuɗi a Jidda ranar 20 ga Agusta 2022 a daren karawar Usyk da Joshua ta biyu, da tutar Saudiyya ya hau, kuma hanyar ɗan ƙasa daban take da ta mai igama.

Boksin na kuɗi bai damu da tuta ba, amma yana buƙatar lasisi, da gwajin lafiya da hoton ƙwaƙwalwa, da tafiye-tafiye. Kowace fita tana buƙatar igama mai rai da bizar fita da dawowa, ga bizar ƙasar da za a je, alhali tayin wasa ga mai tasowa sau da yawa da mako biyu ko uku yake zuwa. Wanda takardunsa suka mutu ba zai amsa ba, kuma mai shirya wasa ba ya kira sau uku. A tambayi nadi tun ranar rajista waɗanne gasanni mai igama ke iya shiga, a sabunta fasfo a ofishin jakadanci da ke Jidda ko Riyad kafin ya kusa ƙarewa, a kuma bincika ko inshorar lafiyarsa tana ɗaukar raunin da aka samu a wasan dambe, domin ba kowace ke ɗauka ba.